Biro a Kan Farcen Baba

Talata, 4 ga Maris

Kwana huɗu ke nan da Baba ya faɗi a bakin ƙofar banɗaki. Jini ne ya hau, wata jijiya ta fashe a kai, in ji likita. Bai buɗe ido ba har yau.

Ba wannan ne ma ya sa na ɗauko littafin nan ba. Yau da hantsi na shiga ɗakinsa na asibiti ɗauke da ruwan ɗumi zan goge masa fuska, sai na tarar da wata nas, gajera mai faɗin kafaɗa, ta kama yatsansa ta ɗora biro a kan farcen tana dannawa. Ba a hankali ba. Har jijiyar hannunta ta tashi. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana tuƙa motar haya bai taɓa take ko kaza ba, shi ake matse wa farce kamar ɓarawon da ake so ya faɗi inda ya ɓoye kaya.

Na ce mata me take yi. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Aikina," ta ce. Ta rubuta wani abu a katin da ke ƙafar gado da biron nan dai, ta fita.

Ban san sunanta ba, ba na kuma so in sani. Mai Biro.

Laraba, 5 ga Maris

Na tare likita a baranda. Yaro ne, ƙanen bayana, amma yana da ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce ba mugunta ba ce, gwaji ne. Ya ce a littattafansu akwai kalma ɗaya da ta haɗa duk wani abu da zai taɓa jiki ko hankali ya sa su mayar da martani. Ya yi ta laluben yadda zai faɗa mini da Hausa, can ya ce, "Mu ce abin tsokana."

Abin tsokana.

Sai ya shiga lissafo mini da yatsu: hasken tocila a ido, ƙara a kunne, sanyi, ƙamshi, zafi a farce. In jiki ya amsa, to, akwai mai gida a ciki. Ya ƙara da cewa, "Har muryarki ma, Anti, abin tsokana ce. Ki riƙa yi masa magana."

Ya ɗauka daɗi zan ji. Muryata da biro a layi ɗaya. Ni da tun ina ƙarama ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba, ni da in zan miƙa masa ruwa sai na rusuna, yau an wayi gari ni ce mai tsokanarsa.

Shekara goma sha huɗu ina buga takardu a kotu. Na san kalmar nan fiye da shi. Tsokana ita ce abin da wani yake yi wa wani har ya fita hayyacinsa ya ɗaga hannu. Lauya yana kawo ta ne don a sassauta wa wanda ya yi duka, saboda mai tsokana shi ne mai laifin farko. Ba a taɓa kawo ta gabanmu da sunan alheri ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta sake yi. Sau uku yau, na ƙirga.

Juma'a, 7 ga Maris

Na leƙa aiki da safe. Shari'ar wasu maƙwabta biyu a kan igiyar shanya, ɗaya ya fasa wa ɗaya baki. Sau goma sha ɗaya na buga kalmar nan a takarda guda. Duk bugu sai in ga farcen Baba.

Da kotu ta tashi hutu na tambayi tafintanmu, dattijon nan mai shan shayi ba sukari, ko akwai wata kalmar da ta fi dacewa da abin da likita yake nufi. Ya ajiye kofi ya yi ta juya maganar. Ya ce ƙaimi na doki ne. Zuga ta faɗa ce. Tunzuri na taron jama'a. Farkarwa ta mai barci ce, shi kuwa wannan ba barci yake ba. Ya ce shi a ganinsa likitan bai yi kuskure ba, don tsokana ce kaɗai ake yi wa wanda ba a so, a kuma yi wa wanda ake so. "Kaka ba ta tsokanar jikanta?" in ji shi.

Na ce kaka ba ta matse wa jika farce. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Da yamma Yaya ya zo asibitin, ya tsaya daga ƙofa kamar wanda ya zo duba gidan haya. Wai ko a mayar da Baba gida, ya kwanta a kan gadonsa, a bar shi da Allah. Kwana bakwai kacal. Na ce masa da can da wa aka bar shi? Ya ce, "Akawu, ke komai sai kin mai da shi shari'a." Baba ne kaɗai yake kirana Akawu, tun ina makaranta. Ban ba Yaya izini ba.

Asabar, 8 ga Maris

Yini guda ina zaune a gefen gadon. Na yi masa magana a hankali, kamar yadda na saba. Na gaya masa yara suna gaishe shi. Na ce an share masa ɗaki, an rufe motarsa da tamfol yadda yake so. Na yi addu'a a kunnensa. Na shafa masa man da yake shafawa. Ko gashin ido bai motsa ba.

Mai Biro kuwa ta shigo kamar an jefo ta, ta sunkuya daidai kunnensa ta ɗaga murya: "Direba, fasinja sun cika, tashi mu tafi." A gabana. Uban mutane. Sannan tocila, sannan biro.

Farcen yatsansa na tsakiya ya yi baƙi daga gindi. Jini ya kwanta.

Ta juyo ta ce mini, "Anti, zo ki ga wani abu." Na ba ta baya. Abin da zan gani na riga na gani.

Litinin, 10 ga Maris

Na rubuta takardar koke. Shafi biyu, a kan injin ofis, bayan alƙali ya tashi. Kwanan wata, lokaci, sau nawa, wane yatsa, kalmomin da ta faɗa baki da baki. Na ɗauki hoton farcen na haɗa. Na rubuta cin zarafin majinyaci marar iya kare kansa. Na rubuta wulaƙanta dattijo a gaban iyalinsa. Ban ƙara ko wasali ba, ban rage ba.

Magatakardan asibitin ya karanta ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce ko ni lauya ce. Na ce a'a, ni ce dai nake gyara wa lauyoyi rubutu.

Sun tsokano tsuliyar dodo, tunda tsokana suke so.

Laraba, 12 ga Maris

An ɗauke Mai Biro daga ɗakin. Tana can wajen allurar 'yan waje, kafin kwamiti ya zauna ranar Alhamis ta sama.

Yaya ya ce, "To, kin ji daɗi?" Na ce ƙwarai.

Juma'a, 14 ga Maris

Sabuwar nas ɗin tana da kirki. Takan yi sallama, ta gaishe ni, ta gaishe da Baba, ta duba ledar ƙarin ruwa, ta gyara robar da ke hancinsa, ta fita kamar tana tafiya a kan ƙwai. Tocila ma daga nesa take haska masa. Na ji wata tana ce mata a baranda, "Ki bi a hankali, uban 'yar kotun nan ne."

A katin, tun Laraba, abu ɗaya suke rubutawa: babu canji. Babu canji. Babu canji.

Shiru ya yi yawa a ɗakin. Wannan dai ba laifina ba ne.

Asabar, 15 ga Maris

Kawu Mai Agogo ya zo. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, abokin Baba ne tun suna samari, shagonsa na gyaran agogo yana bakin tashar da Baba yake lodi. Shekara arba'in ban taɓa ganin sun zauna minti goma ba su yi musu ba. Ƙafarsa ce ta hana shi zuwa da wuri, sai yau jikansa ya kawo shi ya ajiye ya tafi.

Na ba shi kujera. Na zaci addu'a zai yi. Ya jingine sandarsa, ya ƙura wa Baba ido, ya ce, "Kai, malalaci. Ka samu gado da fanka ka miƙe ƙafa."

Na ce, "Kawu, don Allah."

Ko kallona bai yi ba. Ya ci gaba. Wai duk tasha an san Baba bai iya ribas ba. Wai ranar da ya shiga rami da mota cike da fasinja ya ce birki ne, ba birki ba ne, gyangyaɗi ne, shi shaida ne. Wai agogon hannun da Baba yake taƙama da shi jabu ne, shi ya buɗe cikinsa ya gani, kunya ce ta hana shi faɗa.

 Na miƙe zan ce masa ya tashi ya fita, girma ko ba girma ba. Sai ya kama gefen mayafina ya nuna mini da haɓa.

Goshin Baba ya tattare. Layi biyun nan da suke fitowa tsakanin girarsa in an taɓa masa mota. Yatsansa manuni ya ɗaga daga kan zanen gado, ya sauka, ya sake ɗagawa.

"Ka ji shi," in ji Kawu. "Zai ce birki ne." Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe, ya ciro hankici ya ce fankar ce take sa masa mura.

Kwana goma sha biyar ina rarrashi, ina shafa mai, ina sassauta murya. Ni bai amsa mini ba. Sai wanda ya kira shi malalaci. Haushin wa zan ji? Na rasa, sai na ji na kowa.

Litinin, 17 ga Maris

Na gaya wa likita. Ya yi murna, amma bai yi mamaki ba, wannan ne ya tsaya mini a rai. Ya ɗauko katin ya buɗe shafukan baya. Rubutun Mai Biro ne, ƙanana kamar tururuwa. Ran biyar ga wata: bai motsa ba. Ran bakwai: ya ɗan lanƙwasa hannu. Ran takwas: ya janye yatsa daga zafi. Ran goma: ya janye da sauri, ya yi nishi. Daga sha biyu, babu canji, babu canji, da rubutun sabuwar nas.

Ran takwas ita ce Asabar ɗin da ta ce in zo in ga wani abu.

Ya ce da waɗannan rubuce-rubucen babban likita yake duba wa zai ci gaba da zama a ɗakin nan mai na'urori, wa za a mayar babban ɗaki. Gadaje shida ne kawai, masu jira suna da yawa. Wanda katinsa ya nuna kwana biyar babu canji, to. Bai ƙarasa ba.

Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ya ce, "Na gwada, Anti." Na ce bai gwada da kyau ba. Na ce da bai ce tsokana ba tun farko, da ya nemo wata kalmar mai mutunci, da duk haka ba ta faru ba. Ya ce to wace kalma? Tafinta ya riga ya kashe mini sauran.

Mutum ya yi karatun shekara bakwai amma bai iya zaɓen kalma ba.

Talata, 18 ga Maris

Da ɗakin ya zama ba kowa, na ciro birona daga jaka. Na kama yatsansa. Na ɗora.

Ban iya ba. Hannuna ya ƙi. Na mayar da biron na zauna ina kallon bango.

Daga baya na bi ta wajen allurar 'yan waje. Ba wajen Mai Biro na je ba, hanyar kantin magani ce ta bi ta nan. Tana tsaye tana ɗura ruwan allura, layi har ƙofa, jarirai suna ta kuka. Ta gan ni. Na zaci za ta ɗauke kai. Sai ta ce, "Anti, ya jikin Baba?"

Na ce da sauƙi. Na ce ya ɗaga yatsa.

Fuskarta ta saki gaba ɗaya. "Na dama ko na hagu?" Na ce na dama. Ta ce madalla, ta ce a riƙa gwada hagun ma, can ne yake nawa. Sannan ta rage murya ta ce ita ma ba son dannawar take ba. Wai kullum kafin ta danna sai ta ce masa a zuci, Baba yafe mini. Ihun kuma, ta ce masu irin wannan suma sun fi jin abin da suka saba ji a wajen aiki, shi ya sa ta tambayi Yaya sana'arsa.

Yaya ta tambaya. Kuma bai gaya mini ba.

Ban ce mata komai game da takardar ba, ita ma ba ta ce ba. Wata mai shara ce ta tsegunta mini a hanya cewa in kwamiti ya same ta da laifi, ƙarin girman da take jira shekara shida ya tafi, watakila har aikin. Ban tambaye ta ba, ita ta ga dama ta faɗa.

Laraba, 19 ga Maris

Babban likita zai zagayo gobe da safe. Tun Asabar Baba bai sake motsi ba. Kawu ba zai iya zuwa ba, ƙafar ta kumbura.

Da azahar muna zaune ni da Yaya, shi a bakin taga yana danna waya, ni a gefen gado. Na yi ta tunanin abin da zan faɗa. Na fara da "Baba, yara suna gaishe ka," na ji kaina kamar rediyon da batir ya yi wa sanyi.

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Baba, ka tuna ƙujewar nan ta ƙofar motarka ta baya? Wadda ka hana Yaya makulli shekara guda a kanta?"

Yaya ya ɗago kai.

Na ce, "Ni ce. Kana masallaci na ɗauki makullin a aljihun rigarka. Na ce ka koya mini tuƙi ka ce akawu ba ta tuƙi, ka koya wa Yaya da ko sha'awa ba ya yi. Na tayar da ita, na yi baya, na goga ta da ginshiƙin ƙofa. Na mayar da makullin na yi shiru. Shekara goma sha tara."

Muryata ta hau, na ji ta da kunnena. Ban taɓa jin ta haka a gabansa ba. Na ce kuma ban yi nadama ba. Na ce in bai tashi ba gobe ma zan yaye tamfol ɗin in fita da ita titi, in ya so ƙofar gaba ma ta samu rabonta.

Ya buɗe ido.

Ba duka ba, rabi. Amma ba irin buɗewar da ba ta ganin komai ba. Ƙwayar idon ta yi yawo ta zo kaina ta tsaya. Harara ce. Na san hararar Baba ko a cikin dubu. Leɓensa ya motsa, ba sauti.

Yaya ya fita a guje kiran likita. Da ya dawo, ana ta haska tocila ana cewa Baba matse hannuna, ya matso kusa da ni ya ce, "Ashe ke ce." Na ce ba yanzu ba. Ya ce, "Shekara guda ina tafiya a ƙasa." Yana faɗa yana share ido da bayan hannu.

Likita ya rubuta a katin: ya buɗe ido ga murya. Ga murya kawai ya rubuta. Gara haka.

Alhamis, 20 ga Maris

Baba zai zauna a ɗakin. Babban likita ya ce a ƙara masa mako guda a gani. Ya ce kada mu ɗora buri da yawa, ɓarin hagu ba lallai ya dawo ba, magana ma sai a hankali. Na ji.

Ƙarfe tara na je ofishin magatakarda, kafin kwamiti ya zauna. Na ce a ba ni takardata. Ya ce lafiya? Na ce akwai kuskure a ciki. A shafi na biyu na rubuta Alhamis biyar ga wata, alhali shida ne. Ni ba na barin takarda mai kuskure da sa hannuna a ofishin kowa. Ya ce in gyara da biro a nan, ga shi. Na ce ba a gyara takardar koke da biro, sai an sake bugawa. Ya ce yaushe zan dawo da ita? Na ce injin ofishinmu yana ba da matsala kwanan nan.

Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe. Sannan ya ce in ba takarda ba zama. Na ce wannan kuma tsarinsu ne, ba ruwana.

Har yanzu ina nan a kan bakana: bai kamata farce ya yi baƙi ba, kuma ana iya yi wa mutum bayani kafin a taɓa masa uba. Wannan zan faɗa ko a gaban wa.

Da la'asar Mai Biro ta shigo ɗakin, an dawo da ita bakin aikinta. Ta yi sallama, wannan karon. Ta ce, "Direba, an ce jiya ka harari mutane." Ya buɗe ido ya bi ta da kallo. Ta ce yau ba sai an danna dama ba, tunda tana amsawa, hagun kawai za ta gwada. Ta tsaya tana dubana, ko zan fita.

Ban fita ba. Ban kuma ba ta haƙuri ba. Hannunta ne dai ya cika, ga kati ga biro ga yatsan Baba, sai na riƙe mata tocilar.